Bazazzagi Ya Je Amurka Ya Dawo Da Fate

Bawana Bazazzagi, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida yake yi wa yaronsa, wato a taƙaice kuma daga zaune. Ina fatan ka isa Tudun Wada lafiya, cikinka bai tayar maka da bore a Kwanar Dangora ba. Na so in rufa maka asiri, in bar kaza cikin gashinta, to amma abin da ka aikata a kan tabarmata ranar Asabar ya wuce laifin da ake kashewa a zaure. Mutum bakwai suka gani da idonsu, har da yaron da ya kawo ruwan wanke hannu, kuma tun kafin motarka ta kai Kura labari ya gama unguwa. Tunda haka ne, gara in ba da shi da bakina kafin masu ƙarin gishiri su riga ni.

Jama'a, ga yadda aka yi. Wannan bawan Allah shekara huɗu ya yi yana karatu a birnin Boston na ƙasar Amurka. Da ya dawo sai ya aiko cewa zai zo Kano ya kwashi gaisuwa, kamar yadda ya wajaba a kan duk Bazazzagin da ya sami tarbiyya. Na ce a yi masa tarba ta girma, domin bawan da ya yi nisan kiwo ya kuma dawo da ƙafarsa ya cancanci tukuici. Tun da asuba uwargida ta ɗora kan rago. Ta sa citta da kanumfari da masoro da kimba da ɗan daddawa, ta bar shi yana ɓararraka har nama ya rabu da ƙashi don kansa. Na aika Jakara aka sayo gurasa da zafinta, fitowarta daga tanderu ke nan. Ga sanyin hunturu yana kaɗawa, irin wanda ko mai rowa in ya ji ƙamshin romo sai ya yi wa maƙwabcinsa bismilla.

Aka ajiye kwano a gaban baƙo. Ya buɗe, tururi ya rufe masa tabarau, ya cire ya goge da bakin riga. Ya dubi gurasa ya kau da kai kamar an nuna masa wanda yake binsa bashi. Sai ya jawo jakarsa ya zaro wani dogon ƙunshi a cikin farar leda. Biskit ne, fari fat, siriri, mai kusurwa huɗu, an yi masa hudoji an barbaɗa masa gishiri a baya. Ya ɗora ƙunshin a gwiwa, ya dunƙule hannu ya yi ta kirɓarsa kamar mai fasa ƙuli-ƙuli, ya farke bakin ledar da haƙori, ya juye garin kakaf a cikin romon da aka wuni ana dafawa. Ya sa cokali ya juya. Sannan ya ɗaga kai ya dube mu, ya ce da Hausarsu wadda ba ta san mace ba: “Ai haka ake shan miyan a can. Miyan ya fi daɗi.”

Miyan ya fi daɗi! Shekara huɗu, Turanci ya zauna maka har da na hanci, amma har yau miya namiji ce a bakinka.

Allah da ikonsa, bai kai cokali baki ba sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba ya ce, “Matana ne ya kira,” ya tashi ya fita ƙofar gida. Minti biyar ya yi. Da ya dawo ya tarar da cokalinsa a tsaye ƙyam a tsakiyar kwano, babu mai riƙe da shi. Romo ya yi ɓatan dabo. Abin da ya rage wani farin abu ne mai kauri, tsokar kan rago na leƙowa daga ciki kamar mai neman ceto. Maƙwabcina, dattijo ne da ba ya yawan magana, ya sunkuya ya leƙa, ya ɗago ya ce, “Ikon Allah. Fate ne.”

Nan take komai ya waye mini. Ashe Amurka ba ta da laifi. Jini ne. Ka ba Bazazzagi ruwa da gari a ko'ina a duniya, ka juya baya, kafin ka waiwayo ya mayar da su fate. Ka hau jirgi ka ƙetare teku, ka sha sanyin ƙanƙara, ka karɓo takarda mai tambari, ƙarshenta ka dawo gindin Kufena da abin da ka bari a tukunya, sai dai wannan babu yakuwa babu gyaɗa.

Ka san halin Bakano, ba ya karɓar kaya sai ya san daga inda suka fito da nawa aka saro su. Bayan tafiyarka na ɗauki guda ɗaya da ya tsira daga dukanka ya faɗi gefen tabarma, na juya shi, na ƙirga hudojinsa 13, na kuma bi diddigin danginsa. Zauna in karanta maka, tunda ku mutanen garin boko sai an ce karatu ne kuke natsuwa.

Kakan wannan biskit ɗin abincin wahala ne. Zamanin jiragen ruwa masu tafiya da iska, in matuƙa suka bar gaɓa sai su yi watanni ba su ga ƙasa ba, burodi kuwa kwana kaɗan yake yi ya yi funfuna. Sai aka riƙa kwaɓa fulawa da ruwa, a gasa ta har sai ta bushe ƙarau kamar marmara, a cika ganguna da ita. Tana shekara ba ta lalace ba, amma haƙori ba ya iya mata. Dole a jiƙa. Sojojin yaƙin basasar Amurka, wanda aka yi daga 1861 zuwa 1865, da gindin bindiga suke fasa nasu, su jefa a kofi mai zafi, in ƙwarin da suka yi gida a ciki suka taso sama a kwashe su a zubar a ci gaba da sha. Ka ga ashe dukan da ka yi wa leda a gabanmu gado ne, sai dai su larura ce ta sa su, kai kuwa ƙarfinka ka gwada a kan abin da ko jariri zai murƙushe da dasashi.

A yankin da ka zauna aka fara yi wa wannan busasshen burodi gyaran fuska. A 1792 wani mai gidan burodi da ake kira Pearson ya fara gasa shi don matuƙa a garin Newburyport na jihar Massachusetts. A 1801 Josiah Bent ya buɗe nasa a Milton, kusa da Boston, kuma ana cewa daga ƙarar ƙaras-ƙaras da biskit ɗin yake yi aka raɗa masa sunan da suke kiransa da shi, kiraka. Irin naka mai gishiri a baya ya zo daga baya, da aka fara sa masa yis da bakin soda don ya yi sakayau. Hudojin nan da na ƙirga ma aiki suke yi: ta nan tururi yake fita a cikin tanda, don kada ya kumbura ya zama fanke.

Miyar da suke ci da shi ita ma ta masunta ce. Cawda suke ce mata. A farkonta jerawa ake yi a tukunya, kifi, albasa, busasshen biskit, a sake jerawa, a zuba ruwa, biskit ɗin ya narke ya ba ta kauri. Yau da madara da dankalin Turawa ake kaurara ta, a sa kifi ko kawa, a kawo ta da wasu ƙananan biskit masu kama da maɓallin riga waɗanda suke kira biskit ɗin kawa, alhali ko ƙamshin kawa babu a jikinsu. Asalin girkin da kitsen alade ake fara shi. Ka rantse mini cewa ta kifi zalla ka riƙa sha, kuma sai da ka tambaya. Na karɓa, don ban taɓa kama ka da wasa da wannan ba, ko da yake na kama ka da sauran abubuwa.

Kada ka ce na raina mutanen. Suna da kishin abinsu. A 1996 kamfanin Nabisco ya daina yin wani tsohon biskit mai suna Crown Pilot wanda suka saba ci da cawda. Mutanen wani ɗan tsibiri da ake kira Chebeague a jihar Maine suka ce ba su yarda ba, suka yi ta rubuce-rubuce da kiraye-kiraye har maganar ta kai gidajen talabijin, kamfani ya sauko ya dawo da shi a 1997. Ya sake shekara 11 kafin a rufe babinsa a 2008. Wannan ya burge ni. Haka za mu yi a Kano ranar da wani ya ce a rushe tanderun gurasa. Su sun san abin da suke karewa. Kai kuwa ka kwaso rabin darasi ka bar rabi a aji.

Rabin da ka bari shi ne wannan: su kansu ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. Akwai masu murmushewa su zuba, akwai masu tsomawa su gatsa, akwai masu ɗora shi a sama yana yawo, akwai masu riƙe shi a hannu, su kurɓi miya su gatsi biskit, ba sa barin su haɗu sai a baki. Gardamar tana nan a tsakaninsu kamar tamu ta ko da hannu ake cin shinkafa ko da cokali. Amma ko masu murmushewar, a kan miya mai kauri suke yi, wadda za ta ɗauki biskit a kanta kamar tallan yarinya, ya jima bai nutse ba. Romonmu tsararo ne, ga zafi, ga maiƙo. Biskit ɗinka kuwa an gasa shi har ba sauran laima a jikinsa, ga shi siriri, ga hudoji, ga ka daka shi ya zama gari. Ƙishirwar shekara yake ji. Kana zuba shi ya shanye romo ya kumbura ya kwanta. Ga gishirin bayansa ya haɗu da na uwargida, abin da aka ɗanɗana aka daidaita tun safe ka mayar da shi ruwan kanwa. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Abin da ya fi ba ni haushi, wannan ilimi na jiƙa busasshe a ruwa ba sai an yanki tikiti ake samunsa ba. Ka manta biskit ɗin kabin? Ka manta makarantar kwana, ƙarshen zango, lokacin da gari ya ƙare, suga ya rage na kan cokali, akwatin kowa ya koma gidan ɓera? Kai ne kake zuwa bakin gadona da kofin roba kana cewa in sam maka kabin biyu. Mu farfasa, mu zuba ruwan famfo da ɗan garin madara, mu jira ya kumbura don ya cika ciki. Sunansa ma daga ɗakin jirgin ruwa aka samo shi, ɗan'uwan naka ne na jini, kakansu ɗaya. A lokacin ba ka ce mini haka ake yi a can ba. Cewa kake yi Allah ya kawo ranar hutu.

Kafin kabin ma akwai ƙanzo. Iyayenmu mata ba sa zubar da abin da ya kama a gindin tukunyar tuwo. A kankare, a shanya a rana ya bushe ƙarau, a adana. Ranar da ake buƙata a jiƙa shi daidai gwargwado, a tsane, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da mai da albasa da yaji. Duk macen da ta iya kwaɗon ƙanzo ta san iyakar jiƙo: ya yi taushin da haƙori zai shiga, amma kada ya saki jiki ya zama talge. Wannan ita ce dokar gaba ɗaya, ita ce kuma ka karya a gaban dattawa.

Sai gurasa, wadda ka kau wa da kai. Tun zamanin da Larabawa suka zauna a cikin birni suka kawo mana ita muke jiƙa ta, ba mu kuma taɓa mayar da ita fate ba. Je ka tsaya wurin mai bandashe ka ga aiki. Zai ɗauki gurasa ya tsoma ta a ruwa ya cire nan da nan, kamar mai gaisawa da surukinsa, ya shimfiɗa a faranti, ya barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli, ya zagaya da man gyaɗa, ya watsa albasa da tumatir. Da zai bar ta ta yi minti guda a ruwan, da ya yi asarar jarinsa. In da romo za a ci, a yago da hannu daidai loma, a tsoma gefe ɗaya, a ɗan jira ta sha, a kai baki. Gurasa tana da ƙofofi a cikinta kamar saƙar zuma, tana kuma da danƙon alkama, shi ya sa take shan romo ta riƙe shi ba ta wargaje ba. Haka waina, haka sinasir, haka funkaso da miyar taushe. Kowannensu an yi shi ne don ya sha ya kuma tsaya da ƙafarsa. Ka san kirarin garinmu game da wanda ya zo da abinsa yana taƙama, ba sai na maimaita maka ba.

To amma ni ubangida ne mai adalci. Ban yanke hukunci ba sai da na gwada. Na aika kasuwar Singa aka sayo mini irinsa, na sa aka ɗumama sauran romon, na rufe ƙofa don kada yara su gan ni su ce ciwon ya yaɗu. Na murmushe na zuba, na sami fatenka. Na ɗora guda a sama, kafin in gama bismilla ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen kwali. Na tsoma rabi na cire nan take na gatsa, to a nan ne na ji abin da suke nema: gefen da ya sha romo ya yi taushi da yaji, gefen da ke hannuna yana nan da ƙaras ɗinsa, biyun suka haɗu a baki. Ba zan ɓoye maka ba, ba laifi. Bai kama ƙafar gurasa ba, amma in dare ya yi, tanderu ya huce, mura ta kama mutum, zai iya rage zafi.

Saboda haka ga hukunci, ka rubuta a bayan takardar shaidarka. In miya tsararo ce kamar romo ko farfesu, riƙe biskit ɗinka a hannu, tsoma ka cire ka ci, ɗaya bayan ɗaya. In mai kauri ce irin cawdar mutanenka, ka iya karya biyu ko uku da yatsu, manya-manyan ɓari, ka ɗora a sama, ka cinye su kafin ka ƙara wasu. Ba a dakawa, ba a juyewa gaba ɗaya, ba a gaurayawa, ba a kuma tashi amsa waya, ko da matanka ne ya kira. In kuwa miyar kuka ce ko kuɓewa ko karkashi, to ko a aljihunka kada biskit ya kasance, don ranar da na ji ka haɗa shi da yauƙi zan tara dattawa a zare ka daga cikin bayina.

Saura maganar tara. Uwargida ba ta ce komai ba da ta ga kwanon ya dawo, ta dai tsaya ta dube shi ta ce, “Allah sarki, ragon nan bai mutu don wannan ba.” Ka san shirun mace a kan girkinta ya fi faɗa ciwo. Sai ka kawo mata turmin atamfa daga Kantin Kwari, da kuɗinka, kuma kada ka ce za ka yi ciniki da kanka, don in 'yan Kwari suka ji ka ce “atamfan nan nawa ne shi” za su ninka maka. Maƙwabcina kuma goro yake so, ladan gano sunan abin da ka girka.

Na san za ka mayar da martani. Za ka ce Bakano ya ƙirga hudojin biskit don yana lissafin ko an rage masa awo, za ka ce na rufe ƙofa ne don kada in sam wa yara. Rubuto, ina jira, zan ma gyara maka maza da mata kyauta kafin a buga. Amma kafin nan, Asabar ta sama za a sake ɗora kan rago, na kuma riga na yi magana da mai gurasa. Ka taho da bakinka da atamfar uwargida, jakar nan kuwa ka bar ta a Zariya.